Zauren Alƙali na Bayan Tasha

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da nake koya wa yara, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta fari ba. Ko na so in manta, mutanen Magariya ba za su bari ba. Allah ya saka musu da alheri, mutane ne masu riƙon amana, musamman in amanar abin kunyar wani ce.

Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a garin, malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda yara ke kira Mushe. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Bande. Na yi karatu a Damagaram, na ƙarasa a Yamai, na dawo da takarda da kuma wata cuta da har yau ban warke sarai ba: ba na iya ganin tsohon bango in wuce ban yi masa bayani ba. Ko ba a tambaye ni ba zan yi. In ma ba kowa a wurin, sai in yi wa kaina, in kuma yarda da kaina.

Matata Rabi 'yar Dungas ce. Mahaifinta, wanda zan kira Alhaji kawai (ko a rubuce hannuna ba ya iya kama sunansa), babban ɗan kasuwar wake da gyaɗa ne, mutum mai farin gemu da carbi mai tsawo, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida har awaki sai su natsu. Bai so ni ba. Ba wai ya ƙi ni a fili ba, a'a, ya fi ƙarfin haka. Ya dai ba ni 'yarsa kamar yadda mutum ke ba da aron keke ga wanda bai yarda ya iya tuƙi ba. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa taka gidana ba, ko da ya shigo Magariya ranar kasuwa. In an tambaye shi sai ya ce, "Ina zan zauna? Yaron nan na lakwal gidan haya yake, ko zaure babu. In tsaya a titi in yi sallama kamar mai tallan gishiri?" Wannan magana ta iso kunnena ta baki uku ko huɗu, don dangi ba sa barin magana mai zafi ta huce a hanya. Na ji ciwonta ƙwarai. Na rantse a raina sai na gina zauren da Alhaji zai shigo ya ɗaga kai sama hularsa ta faɗi.

Wata rana da damina, ina dawowa daga kwaleji da la'asar, hadari ya tare ni a bayan tsohuwar tasha. Na hango wani tsohon soro na ƙasa a buɗe, na faɗa ciki don in fake. Wurin ajiyar harawa ne na wani Alhaji Sale, amma da yake damina ta yi nisa harawar ta kusa ƙarewa, ɗakin ya kusa zama wayam. Na ɗaga kai, sai na manta da ruwan.

Jama'a, gini ne. Ko yanzu da na san abin da na sani, ba zan ci amanar maginin ba. Rufin ɗaurin guga ne, bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, a mahaɗarsu an liƙa wata tasa mai fure ja da shuɗi. Azarar an jera ta ƙanana-ƙanana a karkace kamar saƙar faifai, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Jikin bakan an zane shi da dagi da wasu layuka masu lanƙwasa, ragowar farar ƙasa da shuni na nan a lungunan zanen. Bangon gabas kuwa ba taga, sai aka binne kwalabe a cikin ginin, kore da ruwan ƙasa, gindinsu na kallon ciki, yadda ko da hadarin nan wani haske mai sanyi yana ratsowa. Can ƙurya akwai wani dogon dakali mai tsayin ƙirjin mutum, samansa an shafe shi da siminti ya yi santsi, a gindinsa an kafa wani bututun ƙarfe a kwance wanda ya goge yana walƙiya. Bayan dakalin bango ne cike da alkuki, layi a kan layi, da wani fasasshen madubi a tsakiyarsu. A gefe an zana raƙumin dawa, ya koɗe amma wuyansa na nan. Sai wata 'yar ƙofa gajera da ke fita wani lungu.

Mai hankali da ya tsaya nan, ya ce Allah ya yi wa magini albarka, ruwa ya ɗauke ya tafi gida. Ni kuwa kafin ruwan ya ɗauke na gama gano komai. Zauren alƙali ne na zamanin da. Dakalin nan mai tsayi, bayansa alƙali ke zama, don ya fi masu ƙara bisa. Alkukan na littattafan shari'a ne. Madubin an sa shi ne don mai ƙarya ya ga fuskarsa ya ji kunya. Bututun ƙarfen, nan ake ɗaure mari a ƙafar mai laifi, shi ya sa ya goge. Raƙumin dawa alama ce ta hangen nesa. 'Yar ƙofar baya kuma ta wanda aka wanke ce, ya fice ba tare da an yi masa kallon mai laifi ba. Har ƙwalla na yi don tausayin kakanni da sanin ya kamata irin nasu. (Tambayar inda kakanni suka samo kwalabe masu yawa haka, duk iri ɗaya, ba ta zo mini ba. Na yi shekaru a jami'a, ka ji.)

Kada a ce ban bincika ba, na bincika. Washegari na sami Alhaji Sale a rumfarsa na ce, "Alhaji, soronka na ajiyar harawar nan, me ake yi a ciki a da?"

Ya dubi sama kamar mai neman wata. "Wallahi Mushe, ni a haka na saye shi."

Na zayyana masa abin da na gano tiryan-tiryan. Ya saurara yana jan carbi da sauri fiye da yadda ya fara. Da na gama ya ce, "To. Ai kai ne ka yi karatu."

Na tafi wurin Mushe Abdu, tsohon daraktan lakwal da ya yi ritaya, wanda aka haifa a garin kuma ya san kakan kowa. Ina ambaton bayan tasha sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ka san ni a lokacin ba na cika bi ta wannan unguwar ba." Na yi masa bayanin madubi da raƙumin dawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Ikon Allah. Ilimi kogi ne." Na tambayi dattawa da dama bayansu, duk amsar ɗaya ce: wannan ya ce yana ƙauye a lokacin, wancan ya ce yana Kano, wani ya ce Allah ne masani ya miƙe ya tafi alwala alhali ba a yi kiran salla ba. Ni kuma na ɗauki wannan shiru a matsayin shaida. Na ce a raina, kaico, gari ya manta tarihinsa, Allah ya kawo ni. Har a aji na koyar da shi, yara suka rubuta, suka kai gida iyayensu suka gani. Ko uba ɗaya bai zo ya ce Mushe, gyara ba.

Da na samu fili a gefen gari, ɗakunan ciki na yi su da bulo da kwano kamar na kowa. Zaure kuwa na ce sai na ƙasa, kuma sak na bayan tasha. Na ɗauko wani gwanin magini daga Bande, na kai shi ya ga ginin ya auna da igiya. Aka buga tubali, aka sayo azara, aka yi yaɓen makuba a waje. Kwalabe na bi masu sayar da fetur a bakin hanya na tattaro kore da ruwan ƙasa. Maƙeri ya yi mini bututu, na sa aka goge shi da yashi har ya yi ƙyalli, don kada a rasa komai na asali. Tasar tsakiyar rufi daga jeren Rabi na ɗauka (wannan wata shari'ar ce daban, ba a gama ta ba har yau). Raƙumin dawa da hannuna na zana.

Rabi, da cikinta ya tsufa, ta leƙo wata rana ta tsaya riƙe da ƙugu. "Wai Mushe, zaure ne wannan ko kanti? Wannan dakalin wa zai iya hawa?"

"Ba hawa ake ba," na ce. "Tarihi ne, ba za ki gane ba."

"Allah ya sa mu gane lafiya," in ji ta, ta koma ciki.

Ta sauka lafiya, mace. Aka shirya a yi suna a ƙofar gidana sannan a tafi da mai jego Dungas wanka. Na aika wa Alhaji cewa yanzu akwai zaure, kuma zan mayar wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, marigayiya. Saƙo ya dawo cewa zai zo. Na yi kwanaki ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kowa ya san abin da ya kamaci uban 'yar fari ranar suna. Kunya. Ya laɓe a bayan abokai, ya sunkuyar da kai, ya yi kamar ma bai san an haihu a gidan ba. Ni kuwa da hantsi bai ko fito sosai ba ina bakin zaure cikin sabuwar shadda, ina tarbar baƙi ina nuna musu rufi da yatsa. Na hana a shimfiɗa tabarmi a waje, na ce manya duk su shigo ciki. Limamin unguwarmu, wani matashi mai kirki da bai daɗe da zuwa garin ba, na zaunar da shi a wurin daraja, bayan dakali, a kan wata doguwar kujera da na sa kafinta ya yi. Alkukan kuma, da yake ba ni da littattafan shari'a, na jera musu kwalaben zoɓo da na ruwan citta, layi a kan layi. Goro da dabino na ɗora a kan dakalin gaban Liman don ya riƙa miƙa wa jama'a.

Dattawa suka fara isowa. Alhaji Sale ne na farko. Ya yi sallama, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya cak. Rana ta fara bugun bangon gabas, hasken kwalaben ya sauka a fuskarsa ya mai da ita kore. Ya ce, "Mushe... ka yi ƙoƙari," da muryar mai gaisuwar mutuwa. Mushe Abdu ya shigo bayansa, ya tafi kai tsaye wurin dakali don gaida Liman. Na ga da idona gwiwar hannunsa ta hau kan simintin, ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta ta sauka a kan bututun, daram, ba ko lalube. Sai ya farga, ya fizge ƙafar kamar ya taka garwashi. Haka suka yi ta shigowa, kowane ya tsaya a ƙofa, ya dubi raƙumin dawa, ya dubi Liman da kwalabe a bayansa, ya nemi wuri ya zauna yana kallon yatsun ƙafarsa. Zaure cike da manyan gari, amma ko tari babu. Na ce a raina, kwarjinin tarihi ke nan.

Sai ga Alhaji. Farar babbar riga, rawani, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Na durƙusa na gaishe shi, na matsa gefe ina jiran hula ta faɗi. Ya ɗaga kai ya ga tasar. Ya sauke ya ga madubin. Na ji ya ce a hankali, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Daɗi ya kama ni, don na san akwai kyan da ke sa mutum salati.

"Wa ya tsara maka wannan?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Ni ne, Baba. Daga wani tsohon gini na bayan tasha na kwaikwayo."

"Uhm," in ji shi. Na nuna masa kilishin da na shimfiɗa masa a gaba, ya wuce shi, ya je ya zauna daf da 'yar ƙofar baya.

Aka raɗa suna, aka yi fatiha, aka shafa. Nan ya kamata a raba goro kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Sai na miƙe na yi gyaran murya. Na ce ina neman izinin iyaye in ɗan yi bayani a kan wannan zaure, domin abin takaici ne a ce gari kamar Magariya ya manta da gadonsa. Na fara daga rufi na gangaro. Na yi bayanin alkuki. Na yi na madubi, har na roƙi jama'a kowa ya dubi fuskarsa a ciki ya tambayi kansa ko shi mai gaskiya ne (ba wanda ya ɗaga kai). Na dafa bututun na ce, "Ku dubi yadda na asalin ya goge. Ku yi tunanin ƙafafu nawa na masu laifi suka taɓa shi!" Wani a baya ya ce, "Astagfirullah." Na ji ƙarfin gwiwa, na ce lallai wa'azina na shiga.

Ina cikin raƙumin dawa da hangen nesa aka yi wata sallama daga waje mai ƙarfi kamar ta mai kiran fasinja. Baffa Ilu ne, yayan Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, daga Babura can tsallaken iyaka, mota ta makarar da shi. Tsohon direban babbar mota ne. Ya yi ƙuruciya iya ƙuruciya, ya tuba tun da daɗewa, ya je Makka, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar tubarsa. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin irin ɓarnar da Allah ya tsamo shi daga ciki, dalla-dalla, don a ga girman rahama. Mutum ne da ba ya da abin ɓoyewa, kuma bai taɓa lura cewa sauran mutane suna da shi ba.

Ya sunkuyo ya shigo, ya miƙe, ya buɗe baki. Ya juya dama, ya juya hagu. Sai ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Madam ta dawo ne?"

Na ce, "Baffa, sannu da zuwa, wace Madam?"

"Madam mana, 'yar Kwatano! Mai bar ɗin bayan tasha! Kai, kai, kai, wallahi har raƙumin jikin kwalbar! Yaro, wa ya ba ka wannan? Ga kanta, ga wurin sa ƙafa, ga inda take jera giya." Ya hango Liman a kan doguwar kujera da zoɓo a bayansa, ya kama baki. "Af, Malam, kai aka sa a kanta? Allah ya ba ka haƙuri."

Liman ya dubi bayansa, ya dubi gabansa. A hankali ya ajiye dabinon da ke hannunsa, ya zamo daga kujerar kamar mai sauka daga kan raƙumi, ya zagayo ya tsaya cikin jama'a.

Ni dai ina nan tsaye, hannuna a kan wuyan raƙumin dawa. Da ƙyar na ce, "Baffa, ai zauren alƙali ne."

"Alƙali?" Ya yi dariya har sai da ya dafa dakalin. "Alƙali kam yakan zo, amma ta ƙofar baya. Yaro, zamanin gyaɗa aka gina wurin nan. Ita ta kawo kuɗi, manyan maginan garin nan suka yi mata rufin da ko gidan attajiri babu irinsa. In an sayar da gyaɗa, nan kuɗin ke kwana. Kwalaben bangon nan ai mu muka shanye su, Allah ya yafe mana. Ni dai na tuba, kowa ya sani." Ya juya yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, murna ta cika shi kamar wanda ya dawo gida bayan doguwar tafiya. "Kai, ashe duk kuna nan! Sale! Ga kusurwarka can. Abdu, kai da ba ka zama, kullum a tsaye kana Faransanci. Ina ƙanena? Yawwa, ga shi can. Wallahi bai sake wuri ba! Kullum bakin 'yar ƙofar nan, don in Baba ya aiko nemansa ya zille ta lungu."

Dattawa suka sunkuyar da kai.

Alhaji Sale ne ya fara farfaɗowa. Ya ce shi dai ƙanƙara yake kai wa matar, daga bakin ƙofa yake juyawa. Mushe Abdu ya ce shi takardun gwamnati yake karanta mata, don ba ta gane rubutun hukuma. Wani ya ce wansa yake zuwa ɗaukowa. Wan nasa, da ke zaune a gefensa, ya ce shi ma ai neman ƙanen yake zuwa. Wani tsoho ya ce nasiha yake shiga yi musu. A safiyar nan na gano babban abin tarihi na gaske, wanda ya fi nawa: wurin ya yi shekaru yana cika yana batsewa, Madam ta yi arziki ta koma ƙasarsu, amma ba a taɓa samun mutum ɗaya ɗan garin da ya sha komai a ciki ba. Duk 'yan aike ne. Baffa Ilu kaɗai ya shanye bango guda.

Alhaji bai ce shi me yake kaiwa ba. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya ce, "Allah ya raya." Ya dubi babbar ƙofa, ya ga sai ya ratsa ta gaban yayansa da dukan jama'a. Sai ya sunkuya ya fice ta ƙaramar. Baffa ya nuna bayansa da yatsa ya ce, "Kun gani ko?"

Sauran bikin a waje aka yi shi, cikin rana, ba wanda ya yarda ya koma inuwar zauren. Ni kuma kunyar da na ƙi yi da safe ta same ni da ribarta. Na shige ɗaki na turo ƙofa. Rabi tana zaune da jaririya a cinya, mata sun riga sun kawo mata labari da ɗuminsa. Ba ta ce komai ba sai, "Mushe, yanzu na gane tarihin." Na so a ce zagina ta yi.

Na ɗauka tsakanina da Alhaji ta ƙare, har na fara tunanin ko za a dawo mini da matata daga wanka. Da na je Dungas ganinsu, na tarar da shi a ƙofar gida cikin mutanensa. Kafin in gama durƙusawa ya ce, "A'a, Malam ne? A kawo wa Malam kujera." Malam! Ni da nake yaron nan na lakwal. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya yabi ilimin zamani a gaban kowa, yana yi yana kallon bakina kamar mai gadin tukunyar da ke shirin tafasa. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya rage murya ya ce, "Malam, wannan binciken naka na tarihi... ba sai ya iso Dungas ba."

Na ce, "Ba zai iso ba, Baba."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Ka ji yadda na samu girman da na yi ta nema. Na so a girmama ni don ilimi, aka girmama ni don tsoron bakina, kuma gaskiya ban mayar ba, na karɓa hannu biyu. Dakalin na sa an rushe, raƙumin dawa na shafe shi da farar ƙasa har sau biyu, amma in damina ta yi wuyansa yakan leƙo. Rufin kam ban taɓa shi ba, don ko an ɗaure ni sai na ce yana da kyau. 'Yan kabu-kabu kuwa ba ruwansu da gyaran da na yi. In baƙo ya ce a kai shi gidan Mushe mai tarihi, sai su ce, "Au, bar?"

Abin da na koya bai da yawa. In ka tambayi dattijo ɗaya labarin tsohon gini ya ce bai sani ba, wataƙila bai sani ba ne. In dattawan gari duka suka ce ba su sani ba, har da wanda ya san ranar da kakarka ta yi haƙori, to sun sani sarai, kai ne kawai bare. Ka yaba rufi ka wuce.

Saura hukuncin, wanda ba a kaina ya faɗa ba. Yarinyar 'yar fari ce, ni da Rabi ba ma kama sunanta. Sunan mahaifiyar Alhaji ne, don haka duk zuriyarsu ba mai kamawa. Dole sai an yi mata laƙabi, kuma kafin mu zauna mu zaɓi Ummi ko Mama, gari ya riga ya zaɓa mana. Yau tana aji uku, ko a lakwal Madam ake kiranta. Ta taɓa tambayata dalili, na ce don ana sa ran za ta zama babbar malama (ƙarya ta biyu ke nan da na koyar a kan wannan gini, amma wannan da sanina). Na yi fushi da sunan, na hana, na gaji na bari. Wanda bai taɓa hanawa ba shi ne kakanta. In mun je Dungas da salla, yana hango ta zai ajiye carbi ya buɗe hannu ya ce, "Madam, zo nan," da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ya kira kowa da ita ba, har matarsa Hajiya. Ni malamin tarihi ne, na san akwai bincike a wurin. Sai in dubi ƙasa in ci gaba da shan furata.